Bakin Likita

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana aikin tafinta a asibiti, har mutane suka manta da sunansa na yanka, kowa sai ya ce Bakin Likita. Yawancin likitocin wurin baƙi ne, ba sa jin harshen marasa lafiya, su ma marasa lafiyar ba sa jin nasu. Shi ke zama a tsakiya, a kan wata kujerar roba mai karyayyen hannu, tsakanin teburin likita da gadon awo. Gajere ne mai son tsafta, kullum da biro biyu a aljihun gaba, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin ya rubuta ko da alif da su.

Aiki kam ya iya shi, amma abin da ya fi taƙama da shi shi ne sanyaya magana. Likita zai ce ciwo ya ci jiki, da wuya a kai wata uku. Sai Bakin Likita ya gyara zama ya ce, "Likita ya ce a dage da shan magani, a riƙa cin abinci, sauƙi na Allah ne." Gaskiyar kuwa sai a baranda kusa da famfo, inda 'ya'ya da ƙanne ke tare shi suna cewa, "Don girman Allah, Baba, kada ya ji." Shi kuma bai taɓa ba su kunya ba.

Ana nan aka kawo wata sabuwar likita, sa'ar 'yarsa ta fari. Ba ta yi wata ɗaya ba ta lura cewa doguwar maganarta tana gajarcewa a bakinsa, mai ciwo kuma yana fita da murmushi.

Ta ce, "Baba, jikinsa ne, ransa ne. Haƙƙinsa ne ya sani, ko a ina yake a duniya."

Ya ce, "Wannan duniyar taki, Likita, ta taɓa leƙowa gidanmu? Mu a wurinmu ciwo ba na mutum ɗaya ba ne. Dangi su ɗauki labarin, shi ya ji da zafin jiki. So kike a haɗa masa biyu?"

"To ka tambaye shi mana ko yana son ji."

"Wanda aka yi wa wannan tambayar ai an riga an gaya masa."

Shekara biyu suna wannan ja-in-ja, suna shan shayi tare a lokacin hutu, ba wanda ya kayar da wani.

Sai ciwo ya shigo gidansa. Matarsa tela ce, mace mai tsiwa da dariya, wadda ƙarar kekenta ke tarbarsa tun daga bakin layi. Ta fara ramewa, ya kawo ta ɗakin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki, ya zauna a kujerarsa. Likita ta daɗe tana kallon hoton da aka ɗauka kafin ta faɗi abin da ta gani, idonta a kansa.

Matarsa ta ce, "Malam, me ta ce? Na ga ta ɓata fuska kamar ni na sa wa kaina ciwon."

Ya ce, "Ta ce a dage da magani."

Akwai wani abu da ke cin ran matar nan. Tana da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, a wani gari mai nisan yini guda a mota. Shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji, a kan wata magana da aka faɗa ranar rasuwar mahaifiyarsu, wadda su kansu ba su ƙara tuna yadda ta fara ba. Tana kewarta ƙwarai, har takan yi suɓul da baka ta kira babbar 'yarsu da sunan yayar. Da ya ga kwanaki na tafiya sai ya ce, "Ko in kira Yaya ta zo?"

"Ta zo ta gan ni kamar tsinke, ta ce duniya ce ta koya mini hankali? Bari in warke tukuna. Ni zan je da ƙafata, da sabon ɗinki, mu yi faɗanmu mu gama mu shirya."

Sau uku yana buɗe baki ya gaya mata, sau uku yana tarar da ita tana zaɓen yadin da za ta ɗinka wa yayar, sai ya haɗiye. Bai taɓa ganin ta da farin ciki irin na waɗannan makonnin ba, kuma ya kasa zama mai ƙwace shi. Ta rasu wata Talata da hantsi, yadin na ninke a kan keke.

Yayar ta iso washegari. Bayan masu ta'aziyya sun watse ta same shi a ɗakin ɗinki, tsohuwa mai irin goshin matarsa sak, har sai da ya kawar da kai.

Ta ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Ta san tafiya za ta yi, amma ta ƙi aiko mini?"

Amsa mai sanyi tana nan a bakinsa, irin wadda ya saba bayarwa. Zai iya cewa ta yafe mata, da sunanta ta cika. Amma a wannan karon bai gyara zama ba.

"Ba ta sani ba, Yaya. Ni na sani, na ɓoye mata. Shiri take yi ta zo wurinki in ta warke. Wannan yadin naki ne."

Tsohuwar ta ɗauki yadin ta warware shi a cinyarta. An yanka hannu ɗaya, an yi alamar wuya da alli, sauran ba a taɓa ba. Ta daɗe tana shafa layin allin da yatsa, sannan ta ɗago, ba fushi a muryarta ko kaɗan.

"Ita kam ka kyauta mata, Malam. Ni ce ba ka tuna da ni ba."