Facin Aljihun Rigar Fatalwa

Abubuwa da yawa na yarinta sun shafe a kaina, har sunayen wasu malamanmu sai na yi da gaske nake tunowa, amma ranar da na fito a matsayin fatalwa a wasan kwaikwayon makarantarmu ba za ta bar zuciyata ba har ranar da za a binne ni. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wasu suna raye, kuma a cikinsu babu mai laifi kamar ni.

A lokacin ina aji shida a wata ƙaramar firamare ta coci a Kamazou. Ni ba mai ƙoƙari ba ce, gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Duk ƙarshen shekara, ranar raba kyaututtuka, babana yakan nemi izini a ofis ya zo ya zauna a bencin gaba, ya tafa wa 'ya'yan wasu har a tashi, sannan ya riƙe hannuna mu koma gida bai ce mini komai ba. Da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi. Shekara biyar ana haka, kuma wannan ce damata ta ƙarshe.

A shekarar aka turo mana wata 'yar bautar ƙasa daga nesa, muna kiranta Anti Kofa. Mace ce mai fara'a da son yara, Hausarta kuwa sai a hankali. Ita aka ba shirya wasan ƙarshen shekara, sai ta ce ta gaji da labarin yaron da bai jin magana, bana za mu yi abin da zai sa iyaye su ƙanƙame kujerunsu. Ta rubuta labarin wata makaranta da wata yarinya ta mutu ana gobe za ta fito a wasa, sai duk shekara idan an buɗe labule fatalwarta ta dawo neman wurinta. Akwai tsohon maigadi mai gargaɗi ba a saurarensa, da hedimasta mai taurin kai, da 'yan mata uku masu tsiwa, sai ita fatalwar. Hedimastanmu na gaske ya ji labarin sama-sama, yana sauri, ya ce a dai yi da Hausa don iyaye su gane. Anti ta ce akwai kyauta ga wanda ya fi kowa iya wasa, kuma kowa ya san mai fatalwa ce za ta ɗauka.

Abin da Anti ba ta sani ba, domin kafin zuwanta ne, shi ne shekara guda kafin nan mun binne 'yar ajinmu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ita ce ke jan duk wani wasa da waƙa a makarantar, kuma benci ɗaya muke zama da ita. Mu muka raka akwatin gawarta da kayan makaranta a jikinmu. Manya sun daina zancen, mu ma muka daina, ba wanda ya ga dalilin gaya wa baƙuwa.

Mu biyu muka nemi fitowa a fatalwa, ni da wata doguwa da ta fi ni murya. Anti ta ce tana son fatalwar ta sa tsohuwar rigar makaranta mai shuɗi, wadda aka daina amfani da ita a farkon shekarar aka koma kore, don a ga kamar daga da can ta fito. Ta ce duk wadda rigar ta yi wa daidai ita ce fatalwa. A sito akwai wani buhu da ake tara tsofaffin riguna don raba wa marasa hali, amma tun da aka canza launi ba wanda ya ƙara buɗe shi. Ta zazzage buhun, yawanci duk sun yage ko ɓera ya ci, guda ɗaya ce mai kyau. Doguwar ta gwada, ba ta ko wuce mata kafaɗa ba, ta fita tana ƙunƙuni. Ni kuwa na zura ta zauna mini cif.

Ina gyara ta a jikina hannuna ya sauka a kan aljihu. An yi wa aljihun faci da wani ƙyalle mai ruwan ɗorawa, yankin zanen zumuntar matan cocinmu. Na san facin nan kamar yadda na san tafin hannuna. Ina wurin ranar da aljihun ya yage, muna kan bishiyar gwaiba ni da marigayiyar, reshe ya kama shi. Washegari ta zo tana nuna mana, tana cewa mamanta ta rasa ƙyalle sai ta yanki bakin zanenta na zumunta, don haka aljihunta ya fi na kowa tsarki. Mun yi ta dariya. Daga baya na gane yadda rigar ta shiga buhun. A wurinmu idan yaro ya mutu, matan zumunta sukan tattara kayansa tun kafin a watse daga zaman makoki, su rabar, don kada uwar ta riƙa gani tana tuna baya. Su suka kawo rigar nan makarantarmu, uwar ba ta san inda ta tafi ba.

Anti ta lura na yi tsaye, ta ce, "Mene ne? Ya matse ki? In ya matse mu kira ɗayan."

Na ce, "A'a Anti, ta yi daidai."

Kalmomi biyar ne, na ƙirga su sau da yawa a rayuwata. Na san idan na faɗa, ko dai a soke wasan ko a nemo wata riga a ba doguwar, babana kuma ya sake zuwa tafa wa 'ya'yan mutane. Anti ta ninke rigar ta kulle a jakarta, ta ce kada kowa ya gani sai ranar, don abin ya fi girgiza mutane.

Muka shiga gwaji. Ba a yi mako ba yara suka fara raɗe-raɗin cewa wasan nan ba lafiya. Labulen da muka ɗaura da igiyar shanya ya faɗo sau biyu ba iska. Wanda ke fitowa a maigadi ya kwanta zazzaɓi. Wata ta rantse ta ji an kaɗa ƙararrawa alhali babu kowa kusa da ita. Suka ce marigayiya ce ke fushi an ba wata wurinta. Yanzu na san ƙusa ce ba ta shiga bango da kyau ba, kuma damina ce, kowa na zazzaɓi. Amma a lokacin, Allah ya gafarta mini, daɗi nake ji. 'Yan aji ɗaya suna ganina su ruga, manyan suna cewa ina da ƙarfin hali. Ban taɓa zama wata aba a makarantar nan ba sai a makonnin.

Ana gobe taron, da la'asar, muna tsince shinkafa da mamana a tsakar gida, ta ce, "Kin san maman ƙawarki za ta zo gobe? Mun sha fama kafin ta yarda. Shekara guda ba ta bi ko ta hanyar makarantar ba, abinci ma sai kwanan nan ta fara ci kamar mutum. Ƙaramin ɗanta ne ya zo na ɗaya a ajinsu, muka ce ta daure ta zo ta ga abin farin ciki ko sau ɗaya. In kin gan ta ki gaishe ta da kyau, kin ji?"

Na ce, "To, Mama."

Ubangiji ya ba ni dama ta biyu a faranti, na ture. Na gaya wa kaina za ta zauna a baya, ba za ta hango aljihu ba. Na gaya wa kaina riga ai riga ce.

Ranar ta zo da hadari. A zauren coci aka yi taron, aka rufe tagogi da barguna kamar yadda Anti ta tsara, ga ruwa yana dukan kwano, wurin ya yi duhu da rana tsaka. Aka fara raba wa ƙananan azuzuwa kyauta, na leƙa ta bayan labule na ga ƙanin marigayiya ya karɓi littattafansa. Mamansa tana benci na biyu, ba a baya ba, matan zumunta sun sa ta a tsakiyarsu. Ta rame har zanen ya yi mata yawa, amma tana murmushi, tana tafi a hankali. Babana yana gabanta, ya sa rigarsa ta zuwa ofis.

Anti ta shafe mini fuska da hannu da farar hoda, ta zagaye idanuna da gawayi, ta zura mini rigar. Ta ce, "Ki yi tafiya sannu sannu, kada ki kalli kowa." Wasa ya yi nisa, maigadi ya yi gargaɗinsa, hedimasta ya kore shi, 'yan matan uku suka fara waƙarsu mutane na dariya. Sai aka buga ganga sau ɗaya, aka haska tocila a kaina, na fito.

Zauren ya yi tsit. Na taka zuwa bakin dandamali, na sa hannu ɗaya a aljihu kamar yadda aka koya mini, na ja murya na faɗi maganata: "Me ya sa kuka fara ba ku jira ni ba? Ga ni na dawo."

Maman marigayiya ba ihu ta yi ba. Da ihu ta yi da wataƙila na manta. Miƙewa ta yi kawai, ta ce, "Uwata?" Haka take kiran marigayiyar, domin sunan kakarta aka sa mata. Matan da ke gefenta suka riƙo zanenta, ta fizge, ta tsallake benci, ta hau dandamali ba takalmi a ƙafa ɗaya. Wasu a baya suka fara tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Ta durƙusa a gabana, ta kama aljihun, ta bi ɗinkin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ta rungume ni, tana cewa, "Na san ba za ki bar ni ba. Sun ce in haƙura, na ce musu za ki dawo. Kin ci abinci? Dubi yadda kika yi fari."

Ta kama bakin zanenta ta fara goge mini fuska, a hankali, yadda ake goge wa yaro majina. Hodar tana fita, fuskata tana bayyana, ina kallon idonta yana canzawa. Ta goge kumatu ɗaya, ta goge ɗayan, ta tsaya. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, da wata ƙaramar murya, "Au, ke ce." Ta gyara mini wuyan rigar, ta ce, "Ta yi miki daidai." Daga nan ta sulale ƙasa.

Abin da ya biyo baya hayaniya ce. Aka yaye barguna, aka yayyafa mata ruwa, fasto na addu'a, ƙaramin ɗanta na tsaye rungume da littattafansa yana kuka ba wanda ya kula shi. Anti Kofa ta zube a gaban hedimasta tana cewa, "Ban sani ba yallaɓai, wallahi ban sani ba." Gaskiya ta faɗa. Ita aka ɗora wa laifin duka, ba ta ƙarasa zangon da ya biyo baya ba ta nemi a canza mata wuri. Ni kuwa kowa tausayina yake ji. Babana ya cire mini rigar da hannunsa, ya yafa mini tasa, ya goya ni a cikin ruwan nan har gida, yana cewa, "Ba laifinki ba ne, yarinya ce ke, ina za ki sani?" Ban taɓa jin nauyin kaina kamar a bayansa ranar ba.

Matar ta farfaɗo, amma ɗan sauƙin da ta fara samu ya tafi. Da aka koma makaranta, ko da yake ni na tafi sakandare, aka ce kullum lokacin tashi sai ta zo bakin ƙofa da ƙullin gyaɗa a hannu, ta tsaya tana duba fuskokin 'yan mata har a watse. Sau ɗaya na haɗu da ita a hanyar kasuwa, ta tsaya ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai na canza hanya, ko gaisuwar da mamana ta ce in yi ban yi ba. Kafin Kirsimeti mijinta ya kwashe su suka koma ƙauyensu. Yaron nan mai zuwa na ɗaya ban san ko ya ci gaba da karatu ba. Bayan shekara uku aka sanar a coci cewa ta rasu.

Sai da na yi aure na haihu sannan na iya gaya wa mamana cewa na gane facin tun a sito. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ni na ninke rigar nan na kai makaranta." Muka zauna mu biyu muna kuka kamar ranar aka yi abin.

Yanzu ɗinki nake yi a Unguwar Mu'azu, kuma duk wadda ta kawo mini tsohuwar riga in rage wa yaro, sai na tambaye ta ta wane ne, wasu har haushi suke ji. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, idan kowa bai sani ba kai kaɗai ka sani, to shirunka aiki ne da ka aikata da hannunka, kuma ƙuruciya ba ta wanke shi. Yaran makarantarmu sun yi ta jin tsoron marigayiya za ta dawo ta cutar da wani. Ba ta dawo ba, baiwar Allah, tana kwance inda muka ajiye ta. Wadda ta cuci mamanta tana da rai, kuma kyautar littafi take nema.