Jan Biro a Littafin Mai Gwangwani

Ƙarfe bakwai na safe, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, za ka ga ya fito daga ɗan ɗakin da ke bayan ofishin gona, biro a bayan kunne, littafi a hammata. Ya buɗe ƙofar waya ya shiga ɗan filin da aka killace. A tsakiyar filin akwai gwangwanin ƙarfe mai mazurari a baki. Ya cire mazurarin, ya juye abin da ya taru cikin wata siririyar kwalba mai zane-zane, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da ruwan, sannan ya rubuta. In babu ko ɗigo, ya rubuta sifili. Shekara talatin da huɗu ke nan yana auna ruwan sama, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Duk unguwa Mai Gwangwani ake ce masa, har jikokinsa.

Ni masinja ne a ofishin. Karatu bai zo mini da wuri ba, kuma a littafinsa na fara gane lambobi, don haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Na ga ranar da ruwa ya cinye hanya, ya zo wando a naɗe, takalmi a hannu, don kada bakwai ta wuce shi. Na ga ranar da aka yi masa rasuwa bai zo ba, washegari ya bar gurbin ranar fayau, ya ƙi cika shi da kintace.

A gefen filin akwai wata bishiya mai faɗin inuwa. Shi ya dasa ta da hannunsa, shekarar da aka raba irin itatuwa, matarsa kuma ta yi ta ɗauko mata ruwa a bokiti har ta kama. Ƙarƙashinta ake musun da ba ya ƙarewa. Telan da shagonsa ke kallon ofishin ya ce mu muka ɓata damina, da hayaƙin injuna da saran itace. Direban tarakta ya ce zancen banza, kakansa ya ga fari shekara bakwai a jere alhali ko keke babu a garin, abu ne mai zuwa ya wuce. Sai su juyo.

"Mai Gwangwani, raba mana gardama. Mu ne, ko yanayi ne ke juyinsa?"

"Ni dai milimita na sani."

"Ji shi!" in ji tela. "Shekara talatin yana leƙen gwangwani, ko hasashen gobe bai iya ba. Gwiwar surukata ta fi shi sanin hadari."

Ni kuwa in tela ya yi magana sai in ga gaskiyarsa, in direba ya karɓa sai in koma bayansa. Har yau haka nake.

Shekara uku da suka wuce wata dakta ta zo daga jami'a. Ta yi kwana biyu tana buɗe littattafansa, ta ce a duk yankin ba ta ga lissafin ruwa mai tsawo da tsabta irin wannan ba, kuma ya nuna ƙarara ruwa yana raguwa, musamman a shekaru tara na baya-bayan nan. Ta ce za ta kafa hujja da shi, sunansa zai shiga cikin rahoton. Ranar har tela sai da ya ba shi hannu.

Washegarin tafiyarta da safe na same shi a durƙushe gaban gwangwanin, ganye uku a tafinsa. Ya daɗe yana tsince ganye daga mazurarin kamar mai tsince tsakuwa a hatsi, bai taɓa tambayar kansa daga ina suke faɗowa ba. Ya ɗaga kai. Ya tashi ya taka daga gwangwanin zuwa gindin bishiyar yana ƙirga sawu, ya dawo, ya sake. Ƙa'idar aikinsu ta ce duk abin da ke kusa da ma'auni ya nisance shi ninki biyu na tsawonsa. Ranar da ya dasa bishiyar, iyakarta gwiwarsa, yau kuwa tsawonta ya keta ƙa'idar.

"To ruwan ne ya ragu," ya ce da ni, "ko ita ce take tare shi?"



Matarsa ta zo kawo masa abinci ta tarar yana tambayar inda aka ajiye gatari.

"Malam, lafiyarka kuwa? Ka sare bishiya don ka gane ko saran bishiya na hana ruwa? Bayana bai warke daga bokitin nan ba har yau. Ka taɓa ta, ka nemi mai dafa maka."

Tela ya ja shi gefe. "Kai, rufa wa kanka asiri. Wa ya gani? Ka bar yarinyar nan ta rubuta abinta, ai ruwan ya ragu, kowa ya sani."

Nan ne wurin da nake so a ji. Aikin rayuwarsa ke nan gaba ɗaya, kuma karo na farko da wani ya dube shi da daraja. Mai Gwangwani, kai ne ka shiga mota da littafi tara na shekaru taran nan, ka je har ofishinta ka ce, "Dakta, waɗannan ban tsaya musu ba." Kai ne ka zauna a gabanta da jan biro kana ja wa shafukanka layi, kana rubuta a gefe cewa akwai bishiya. Mai auna sama da gwiwa a ƙasa, ban taɓa ganin wanda ya ba da shaida a kan kansa irin haka ba.

Ta ce, "Baba, ka san ka rushe mini rabin rahoto?"

Ya ce, "Na sani, 'yata. Ki yi haƙuri."

Bai sare bishiyar ba, bai kuma matsar da gwangwanin ba. Ya nemo na biyu ya kafa can tsakiyar filin ƙwallo, ya yi damina biyu yana auna duka biyun, don a san nawa bishiyar take sha. Mu duka muka zuba ido. Sai ga shi in iska ta kaɗo daga gabas na kusa da bishiya ya gaza, in ta juyo daga yamma ganye ya tsiyaya masa har ya fi ɗayan. Wani lokaci su zo daidai. Tela ya ce ka gani, direba ma ya ce ka gani, kowa ya tafi da nasa. Ni na koma gida kaina ya fi da ɗaurewa.

Makon jiya dakta ta dawo da mota ta kwashe littattafan duka, har masu jan layin. Na taya ta loda su, na kasa haƙuri na tambaye ta me za ta yi da aikin da mai shi ya ce bai tabbata ba. Ta ce tashoshi da yawa ta bi, ko'ina akwai bishiya ko katanga ko ranar da aka ƙaga lamba, amma nan kaɗai aka nuna mata wurin. Saboda tara ɗin nan, in ji ta, ta yarda da sauran ido rufe.

Na ce to mu ne, ko ba mu ba ne? Ta ce hannunmu na ciki, wannan ba ta shakka, amma nawa ne namu a ruwan garin nan, sai an haɗa littafi irin nasa da yawa. Ban ce na gane duka ba.

Mun gode, Mai Gwangwani. Allah Ya ba ka hutu mai lafiya, Ya saka wa uwargida da ta hana ka gatari. Ku kuma da ke riƙe da wani ma'auni, ko na me ne, wata rana za ku gano kurenku ba mai kallo. Ranar ku tashi ku kai kanku.