Kifi Biyu a Gidan Nama

Sharfaddeen ya sauka Guangzhou yana ɗan shekara ashirin da tara, da niyyar ya sari jakunkunan mata a kasuwar Shiling ya koma Kano cikin mako uku. Sai da ya shekara goma sha biyar. 'Yan kasuwa su turo masa hoton kaya, shi ya nemo, ya duba ɗinki, ya kai wa masu kago, wato masu aika kaya gida, a unguwar Xiaobei. A nan ya auri wata musulma 'yar China, Halimatu Sadiya, wadda iyayenta ke da shagon taliya. Auren bai yi ƙarko ba, amma sun sami 'ya ɗaya, Zulaiha. Tana hannun uwarta, shi kuwa rabonsa ranar Lahadi.

Bana da ya je sabunta takardar zama, aka ce ba za a ƙara masa ba. Ya yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi, har lauya ya ɗauka, ba ta canza zani ba. Kwana goma aka ba shi ya bar ƙasar. Uwar yarinyar ta ce masa, "Kai za ka faɗa mata, ba ni ba."

Ranar Lahadi ya ce Zulaiha ta zaɓi inda za su ci abincin rana. Shekararta sha uku. Ta ja shi har tsakiyar gari, wani tsohon gidan gasa naman shanu irin na Turawa, inda ƙawayenta ke zuwa da iyayensu. Bangon katako ne da ya yi duhu don tsufa, tebura da fararen ƙyallaye, masu kawo abinci duk dattijai. Ana fito da nama a kan farantin ƙarfe yana ta tsuwwa, mai ci ya ɗaga ƙyalle ya kare rigarsa daga tartsatsin mai.

Ya tambayi dattijon da ya zo kansu ko akwai naman yankan musulmi. Dattijon ya ce, "Meiyo." Babu ke nan.

Zulaiha ta taɓa hannunsa. "Baba, kifi. Na sani."

Ashe tun daga gida ta san ba za su ci naman ba. Zaman wurin kawai take so.

Aka kawo kifi biyu. Ya buɗe baki zai fara maganar, ya rasa ta inda zai kamo ta. Sinancinsa duk na kasuwa ne: nawa, ya yi tsada, kwali nawa, yaushe za a gama. Ita kuma Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Shekara da shekaru da haka suke lallaɓawa, da nuni da dariya, bai taɓa jin abin ya dame shi ba sai yau.

Ya ciro waya ya rubuta da Hausa, wayar ta juya masa zuwa Sinanci, ya miƙa mata. Bai ma san ko ta juya daidai ba. Ta karanta, ta sake karantawa. Ta ajiye cokali.

"Kano?"

"Kano."

"Yaushe dawo?"

Ya dubi kifin da ke gabansa. "In Allah ya yarda, Zulai."

Sai ta ɓarke da magana cikin Sinanci, da sauri, idonta ya cika. Ya kasa kunne iya ƙarfinsa, bai tsinci komai ba sai "makaranta" da "baba". Mutanen teburin kusa suka waiwayo, domin su sun ji abin da take cewa. Ya miƙa mata wayar ta rubuta, ta ture ta. Dattijon nan ya zo ya ƙara musu ruwan zafi a kofi, ya koma bai dubi kowa ba.

Ya raka ta tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ta rungume shi, abin da ba ta saba ba, ta wuce ƙofar tikiti da gudu.

Ranar Alhamis ya tashi. Yanzu yana da ɗan shago a Sabon Gari. Sau biyu ya nemi biza bai samu ba. Kullum bayan sallar asuba yakan kira ta a bidiyo, lokacin ita tana hutun rana a makaranta. Wani lokaci ta ɗauka, wani lokaci sai washegari.