Yaya Uwa, Kwanukanki Tsarkakakku Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2019, bayan la'asar, ina bakin aiki a kantin magani Malam Gidaɗo ya kira ni. Murya a dushe ya ce, "Aishat, yayarki ta cika." Matarsa yake nufi, Halimatussa'adiya, wadda duk Bahaushen da ke unguwar Al Qusais ya sani da Yaya Uwa. Hawan jini ne ya kayar da ita a kicin, daga nan ba ta sake farfaɗowa ba. Washegari aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta a nan Dubai, nesa da Gwammaja inda aka haife ta.

Yaya, ba uwa ɗaya ta haife mu ba, ƙofofin gidajenmu ne kawai ke kallon juna. Ranar da na sauka a wannan bene ban san kowa ba, ina zaune a kan akwatina ina hawaye, kika ƙwanƙwasa da kwanon tuwo a hannu. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Ci tukuna ƙanwata, kewar gida ba inda za ta, za ta jira ki." Tun daga ranar na zama 'yar gida.

Ba ni kaɗai ba ce. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci falonku yakan cika. Ɗalibai, gwagwaren da ke aiki da Malam Gidaɗo a ɗakunan ajiyar kaya na Jebel Ali, 'yan kasuwar da suka gaji da shinkafar otal a Al Buteen, kowa ya san akwai tuwo da miyar kuka a gidan Yaya Uwa. Sadaka ce kike yi wa iyayenki da suka riga mu. Allah bai ba ki haihuwa ba, amma ban taɓa jin kin koka ba. Kin ce Juma'a ita ce 'ya'yanki.

Abin da mutane ba su sani ba, sanyin ƙashi ya riga ya cinye miki yatsu. Ba don tsohon injin wanke kwanukan da kuka tarar a gidan ba, da wannan ciyarwa ba ta yiwu ba. Tsohuwa kike kiransa, kuma ya ci sunan, don in ya tashi sai ka ce injin markaɗe. Amma ban taɓa ganin wanda ya riƙe inji kamar yadda kika riƙe shi ba. Duk ranar Asabar sai kin zaro rariyarsa ta ƙasa kin goge da tsohon buroshin haƙori. Ki ciro fikafikan nan masu juyawa suna fesa ruwa, ki zauna da tsinken sakace kina tone 'ya'yan kuɓewa da na tattasai daga hudojinsu. Robar ƙofa ki bi ta da tsumma, lokaci-lokaci ki kunna shi ba komai a ciki sai kofin khal, ruwan tsamin nan na kanti, don ya fitar da ƙarni. Ƙanzon tuwo sai an jiƙa, muciya da ƙwarya da tukunyar dalma kuwa ba sa shiga. Robar da manja ya rina sai ki shanya ta a baranda rana ta cinye jan. Na taɓa jefa miki faranti da ƙashin kifi a kai, kika ce, "Aishat, Tsohuwa ba ta da haƙori, ki daina ba ta ƙashi."

Abu ɗaya ne ya gagare ki: farin hazon da ya kwanta a jikin kofunan gilashinki. Kin gwada khal, kin gwada lemon tsami, bai tafi ba, don ba datti ba ne. Zafin ruwa da sabulu na shekaru ne suka ci fuskar gilashin.

A wannan hazon aka kama ki. Wata Hajiya, matar wani mai harkar kago, wato jigilar kayan 'yan kasuwa, ba zan kira sunanta ba don ta san kanta, ta zo wata Juma'a bara, aka ba ta zoɓo. Ta ɗaga kofin tana kallonsa a hasken taga, ta tambaya su wa suka zauna a gidan kafin ku. Ke da ba ki iya kwana-kwana ba kika ce wasu ma'aurata ne, ba Musulmi ba. Ta ajiye kofin. Kafin wata Juma'ar zance ya gama zagaya wayoyin mata, wai injin Yaya Uwa ya shekara yana wanke farantan naman alade, wai farin nan maiƙo ne da ya ƙi fita. Magana zarar bunu ce. Matan suka janye, mazan suka bi matansu, masu saukowa daga Kano kuwa tun a filin jirgi ake yi musu gargaɗi. Mutanen da suka lashe miki tukunya shekara da shekaru, ko ɗaya bai zo ya tambaye ki ba.

Malam Gidaɗo ya kai maganar gaban Malam Maharazu, mai yi mana karatu. Ya ce ruwa yana tsarkakewa, injin da ya yi shekaru yana wanki da tafasasshen ruwa babu sauran magana a kansa. Ya faɗa a majalisi, kowa ya gyaɗa kai, amma Juma'a ta zo tuwo ya kwana.

Sai kika tafi wurin Hajiyar da ƙafarki. Ta ce miki, "Khalas, shi ke nan, abu mai sauƙi ne. Ki wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, sai hankalin kowa ya kwanta." Na tarar da ke da leda cike da rairayin da kika ɗebo a bayan bene. Na riƙe miki hannu na ce, "Haba Yaya, ke da kike tone ɗan kuɓewa da tsinke, kin fi kowa sanin abin da wannan zai yi." Kika ce, "Na sani. In dai za su dawo, ba komai." Kika watsa rairayin a cikinsa kika rufe ƙofa. Muna tsaye muka ji ƙarar ta sauya, ya yi gurnani, ya yi shiru da ruwa kwance a cikinsa. Mai gyara ya ce famfon da ke tura ruwa a cikinsa ya tafi, kuma an daina yin irinsa.

Ba su dawo ba. Aka ce ai da ba ta san akwai najasa ba da ba ta zuba ƙasa ba.

Duk da haka ba ki fasa ɗora tukunya ba, saboda ɗaliban nan ƙalilan da yunwa ta fi ƙarfin tsegumi a wurinsu. Sauran tuwon Malam Gidaɗo yakan kai wa masu gadi da leburori, waɗanda ba su san miyar kuka ba amma sun san godiya. Wanke-wanke ya koma hannu. In na sami sarari nakan taya ki, in ban samu ba ki tsaya ke kaɗai a bakin famfo da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. A nan Malam Gidaɗo ya same ki kwance, hannunki da kumfa. Ban ce su suka kashe ki ba, ajali na Allah ne. Amma na ga yadda kika rame a shekarar nan, na kuma ga yadda kike kallon ƙofa duk Juma'a.

Ranar sadakar uku falon ya cika maƙil, irin cikar da kika yi shekara kina jira. Matan kowace da gorar ruwanta a jaka, don kada ta sha a kofinki. Malam Gidaɗo ya tsaya daga bakin ƙofa ya roƙa, kamar yadda aka saba, duk wanda marigayiya ta ɓata wa ya yafe mata. Hajiyar nan ce ta fara amsawa, da ƙarfi don kowa ya ji: "Wallahi ni dai na yafe mata, duniya da lahira." Aka ce Allah ya saka mata da alheri. Na tashi na shiga kicin don kada bakina ya ɓata miki zaman makoki.

Ni na ci a kwanonki, na wanke shi da hannuna, kuma zan shaida ko a gaban wa: kwanukanki tsarkakakku ne.

Allah ya jiƙan ki, Yaya Uwa, ya haskaka kabarinki, ya kai ladan kowace loma gare ki da iyayenki, ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Gidaɗo, da 'yan'uwanki na Gwammaja da ba su sami ganin gawarki ba, Allah ya ba su haƙurin rashi. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Waɗanda ya kamata su nemi yafiyarki kuwa sun makara, sai dai ku haɗu a can. Na san halinki, za ki ce ba komai. Ni dai har yanzu ban kai nan ba, Allah ya ba ni iko.