Muryar Mama a Bakin Tsohuwar Tafki

Akwai wata Kirsimeti da ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Tsofaffin Jimeta suna tuna ta da dariya, don a shekarar ce gidan rediyo ya fara saka wasan Tsohuwar Tafki. Ni kuwa ina tuna ta ne da cewa a shekarar aka gama da mahaifiyata tana tsaye da ƙafafunta.

Lokacin jihar tana amsa sunan Gongola, ni kuma ban daɗe da fara koyarwa a firamare ba. Muna zaune a unguwar Luggere, ni da Mama, babana ya riga ya rasu. Bandar kifi ce sana'arta. Ta je tafkin Njuwa ta saro a hannun masunta, ta dawo ta kyafe a kan ganga a ƙofar gida. Hayaƙi ya dashe mata murya, dariyarta kuma kullum da ɗan tari take ƙarewa. Hausarta irin ta mutanenmu na wajen Numan ce, namiji da mace duk "shi" ne a bakinta. Sannan tana da wata ɗabi'a da na sha yi mata faɗa a kai: yaro ba ya wuce gangarta hannu rabbana. Sai ta ɓalle kan kifi ta ɗaga, ta ce, "Zo ɗana, kifi yana kiranka."

Akwai ɗan haya a ɗakin zaurenmu, saurayi, akawu ne a sakatariya, amma zuciyarsa tana wajen wasan kwaikwayo na rediyo. Allah ya ba shi kwaikwayon murya. Ya yi fasto, ya yi ladan, ya yi Mama tana ciniki har ta bi shi da ludayi tana dariya. Ta ɗauke shi ɗa, tukunya ɗaya muke ci.

A zamanin nan, duk Sallah da duk Kirsimeti rediyo yana da wasan barkwanci na musamman, kuma daga tatsuniya ake ɗauko shi: aljanu, dodanni, dabbobi masu magana. Mutane har sabon batir suke saya dominsa. Ranar Kirsimetin, bayan mun dawo coci mun rarraba shinkafa gidajen maƙwabta, sai aka ajiye rediyo a kan turmi a tsakar gida, yara da manya suka kewaye shi. Labarin wata tsohuwa ce da ke zaune a ƙarƙashin tafki. Ranar kasuwa ta fito da siffar mai sayar da kifi, ta yaudari yara su bi ta, ta mai da su tarwaɗa, ta kyafe, ta sayar wa iyayensu. Wani maharbi matsoraci, mai gudun ko da kaza, shi ne ya cece su, ita kuma ta faɗa cikin gangarta. Muna jin ƙarar ruwa, wanda daga baya na ji a bokiti suke kaɗa shi. Sai tsohuwar ta buɗe baki, da dasasshiyar murya, ta ce, "Zo ɗana, kifi yana kiranka." Ta yi dariya, ta ƙarasa da ɗan tari.

Gidanmu ya kaure da shewa. Mama ta fi kowa, tana dukan cinya tana hawaye. "Ni ne! Wallahi ni ne! Yaron nan ya saka ni a rediyo!" Da ɗan hayar ya dawo da yamma, ita ta zaɓa masa cinyar kaza mafi girma. Ni ma na yi dariya, kuma ba na ganin laifin kaina, don wasan ya yi daɗi. Ba wanda ya kula da ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan aji ɗaya, da ya maƙale a bayan uwarsa tun da aka fara kyafe yaran.

Da farko tsokana ce kawai. Yara su wuce su ce, "Tsohuwar Tafki, ina kwana," ita kuma ta yi musu gurnani su watse suna dariya. Bayan sabuwar shekara sai zazzaɓi ya kama yaron nan. Jikinsa ya yi zafi har ya fara sambatu, kuma abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Kifi yana kirana. Mama mai banda yana kirana."

Wanda bai zauna cikin mutanenmu ba, ba zai san nauyin wannan magana ba. An yi imani cewa idan mayya ta kama kurwar mutum, sunanta yake kira a sambatu, kuma maganin shi ne a sa ta tsallake shi don ta sake shi. Musulmi da Kirista duk sun yarda da wannan, a nan kam ba a rabuwa. Uban yaron ma a cocinmu yake, shi ke jan waƙa.

Na dawo daga makaranta da rana na tarar da ƙofarmu cike. An shimfiɗe yaron a tabarma kusa da gangar, idonsa ya juye. Ubansa yana tsaye a kansa. "Mama, ba faɗa na zo ba," in ji shi. "Ki tsallaka shi kawai, mu tafi."

Na ture mutane na shiga tsakani. Na ce masa, "Baban yara, kai ma da bakinka? Kifi nawa ɗanka ya ci a hannun matar nan? Rediyo ya ji, rediyo ya tsorata shi!" Wata mata daga baya ta ce, "To su na rediyon a ina suka samo?"

Aka je aka kira ɗan hayar daga ofis. Ya zo a kan keke yana haki, ya hau kan dakali ya ce, "Jama'a, ni na ƙirƙira. Ƙarya ce, wasa ne. Mama uwata ce." Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, yana buɗe baki wasu samari suka fashe da dariya. Sun saba idan muryar nan ta yi magana abin dariya ne. Wani dattijo kuma ya ce, "Kai da kake kwana gida ɗaya da ita, ai abin da ka gani ka faɗa." Ya sauko daga dakalin yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Na juya wajen Mama. Na riƙe hannunta na ce, "Mama, kada ki yarda. Kina tsallakawa kin amsa ke nan." Ta dube ni, ta dubi yaron. A hankali ta ce, "'Yata, in ban tsallaka ba ya mutu, ni ne. In na tsallaka ya tashi, ni ne. To gara ya tashi."

Ta cire takalmanta, ta gyara ɗaurin zane, ta tsallaka yaron ta dawo. Kifin da ke kan ganga yana ƙonewa, ba wanda ya juya shi.

Goggo ce, wata tsohuwar Bafulatana da muke katanga ɗaya, ta daka wa uban tsawa ta ce tunda an yi abin da yake so, sai ya ɗauki ɗansa zuwa asibiti kafin ya ƙarasa a tabarma. Aka kai shi. Zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi masa allura. A kwanakin nan na durƙusa zan yi addu'a na rasa abin da zan roƙa, don na san ko ta ina aka ɓullo Mama ce a ƙasa. Yaron ya warke sarai. Unguwa ta ce, "Kun gani? Ta sake shi."

Daga nan ba wanda ya zage ta, ba wanda ya jefe ta. Kawai kifinta ya daina ƙarewa. Uwa ta hango gangar ta ja hannun ɗanta zuwa ɗaya gefen hanya. A coci bencin da take zama ya yi faɗi. Da wata Kirsimetin ta zagayo, Mama ta dafa shinkafa kamar kullum ta aika, kwanuka suka dawo a rufe yadda suka tafi, in ban da na Goggo. Kuma a ranar, daga kowane gida, muna jiyo Tsohuwar Tafki tana kiran yara, don an sake saka wasan. Ɗan hayar ya je ya roƙa a ajiye faifan, aka ce masa masu sauraro ne suke nema.

Muka tattara muka ƙetare gada zuwa Vinikilang. Mama ta koma noman masara a ɗan fili, ba ta sake hura wuta a ganga ba. Ɗan hayar ya biyo mu sau ɗaya, ya durƙusa a gabanta. Ta dafa kansa ta ce, "Tashi, ɗana. Laifinka ɗaya ne, ka iya ni da yawa." Ta yafe masa. Ni ban yafe ba sai da na tsufa. Tun daga ranar tsallakar nan ban sake jin dariyarta ba, kuma ban sake jin ta kira yaro ba, ko da jikokinta ne. Haka ta rasu.

Ba mu da faifan muryarta, talaka a lokacin ina ya ga wannan. Shekaru suka tafi har muryar ta fara ɓace mini a kunne. Sai wata Kirsimeti, na riga na yi ritaya, ina cikin tasi daga Yola zuwa Jimeta, rediyo ya ce zai tuna wa jama'a da wasannin zamanin da. Na ji ruwa yana kaɗawa a bokiti. "Zo ɗana, kifi yana kiranka." Sai dariyar, sai ɗan tarin. Fasinjoji suka kece da dariya. Direban ya hango ni a madubi ina hawaye, ya ce, "Mama, in kashe ne?" Wasan da na tsana duk rayuwata ke nan, wasan da ya kore mu daga gidanmu. Na ce, "A'a, ɗana. Ƙara murya."

Abin da na koya shi ne, kusan duk dariyar da jama'a suke yi tare, akwai mutum a ƙarƙashinta yana ɗauke da ita. Shi ya sa duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa bari a kwaikwayi wani yaro a ajina ba, ko da shi ne ya fi kowa dariya. Mama ma ai ita ta fi kowa dariya ranar.