Ranar da Surukata Ta Zo Duba Ajinmu

Shekarun baya, a watannin farko da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina zaune a Kabo da aure da 'ya'ya biyu, kuma abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya: Turanci. Na gama sakandare a garinmu Gwarzo, sauran darussa duk sun yi kyau, Turanci kaɗai ya ƙi ni. Na sake zama jarrabawar, ya sake kayar da ni. Ni kuwa makarantar unguwarzoma nake so, su kuma ko kallon takardar mutum ba sa yi in babu kiredit a Turanci. Rayuwa ta yi tsada, albashin maigidana ba ya ganin ƙarshen wata. Da ya daure ya sake yi mini rajista, sai ya faɗa mini a fili cewa wannan ce ta ƙarshe.

Akwai wata dattijuwa a bayan kasuwa, tsohuwar malamar Turanci da aka sallama tun zamanin tsuke bakin aljihu, mijinta kuma ya rasu. Ita ke tara irinmu matan aure da Turanci ya wahalar, a tsakar gidanta bayan la'asar. Littafi babu, sai wani allo da ya koɗe. Malama kawai muke ce mata.

Inda na fi shan kashi shi ne kalmomin aikin nan masu jan ƙananan kalmomi a bayansu. Na san put, ajiyewa ce. To sai a liƙa mata on ta zama sa kaya, a liƙa off ta zama ɗage abu zuwa wani lokaci, a liƙa out ta zama kashe wuta, a jera mata up with kuma wai haƙuri da mutum ke nan. Haba jama'a! Na taɓa tambayar Malama ko Turawa kalmomi ne suka ƙare musu. Ta ce kalmar aikinsu kamar mace ce mai yawan ƙawaye, duk wadda ta rako ta sai halinta ya canza, don haka kada mu haddace ta ita kaɗai, mu riƙe ta tare da 'yar rakiyarta.

Malama ba ta yarda da haddar baki ba, ta ce sai jiki ya yi abu kai yake riƙewa. Takan kife ƙwarya a gabanta, ta riƙe ludayi. Ta buga ƙwas ta ce take off, mu amsa mu cire murfin tukunya. Ta buga ta ce put on, mu mayar. Look for, mu yi ta dube-dube kamar mun yar da allura. Look after, mu jijjiga hannuwa kamar masu rarrashin jariri. Give up, mu saki hannu mu langaɓe. Tana ƙara sauri muna ruɗewa, ana ta shewa. Wallahi a wannan tsakar gida na fara jin Turanci yana zama a kaina.

Sai dai katanga ba ta tare sauti. A lokacin an hana kaɗe-kaɗe a wajen biki, makaɗa duk sun rataye kalangu, kowace unguwa kuma da kwamitinta na dattawa masu sa ido. Magana ta fara yawo cewa matan aure na taruwa kullum a gidan gwauruwa suna kiɗan ƙwarya da shewa. Kafin ta kai bakin kasuwa har an ƙara mata bori.

Wata safiya maigidana yana shan koko, bai ko ɗago kai ba, ya ce maganar ta kai gaban kwamiti. Mahaifinsa kuma yana cikin kwamitin. Baba ya ce in abin ya tabbata, ƙafata ba za ta sake taka gidan Malama ba, maigidana kuma ba zai yi musu da mahaifinsa a kan lesin ba. Jarrabawa saura 'yan makonni. Na rasa ko kuka zan yi ko masifa, sai na huce a kan wanke-wanke har na fasa kofi.

Da yake maza ba za su shiga gidan matan mutane ba, kwamiti ya yanke cewa su za su zauna a zaure, a tura mace mai hankali ta shiga ta gani da idonta, abin da ta faɗa shi ke nan. Da na ji wadda aka zaɓa sai da na zauna a ƙasa. Surukata ce, uwar mijina.

Inna ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta a kan karatuna ba. Ta sha cewa mace mai 'ya'ya biyu me ta manta a gaban allo. Mace ce marar yawan magana, ta kuma ƙara shiru tun da 'yarta, ƙanwar maigidana, ta rasu da naƙuda a hanyar ƙauyen Dugabau zuwa asibitin Gwarzo, wata damina da aka yi wahalar mai aka rasa mota da wuri. A gaskiya wannan rasuwar ce ta sa mini son zama unguwarzoma, amma ina ni ina buɗe baki in faɗa wa surukata haka? Kunya ba ta bari ba.

Na ruga wajen Malama na roƙe ta ta ɓoye ƙwaryar nan, mu zauna shiru mu yi ta rubutu a ranar kamar mutanen kirki. Ta kalle ni ta saman tabarau.

"Abin da muka yi jiya shi za mu yi gobe. In muka ɓoye ƙwarya, mun amsa laifin da ba mu yi ba."

Na fito ina ce wa kaina tsohuwar nan ba ta da suruka, shi ya sa.

Ranar ta zo. Muna jin gyaran muryar dattawa a zaure. Inna ta yi sallama ta shigo, aka ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a tabarma kusa da turmi ta miƙe ƙafa. Malama ta kife ƙwarya kamar kullum ta fara. Kowa na amsawa ciki-ciki. Ni kuwa ga tsoro ga kunya, a ce ina langaɓewa ina jijjiga hannu a gaban uwar mijina, ga goyo a bayana. Malama ta ce put on, ni na fizge murfin, ya kuɓuce ya faɗi ƙasa ya yi ta kewaya yana ƙara har ya kwanta a gaban ƙafar Inna. Ba wadda ta yi dariya. Na saci kallon fuskarta, ban karanta komai ba.

Can sai ta miƙe. Ta karɓi ludayin daga hannun Malama, ta ɗaga ƙwaryar ta duba bakinta, ta ƙwanƙwasa da yatsa ta kasa kunne, ta ajiye. Ta gyara mayafi ta nufi ƙofar zaure. Muka kasa kunne.

Baba ya tambaye ta abin da ta gani.

"Malam, kafin ka auro ni, ni ke riƙe babbar ƙwarya a bukukuwan Dugabau, kai ma ka sani. Wannan ba kiɗa ba ne, wulaƙanta ƙwarya ne. Karatu suke yi. Su ɗauki murfi su ajiye murfi, shi ke nan."

Na fara sauke ajiyar zuciya ke nan sai wani mai ƙuruciya a cikinsu ya ce ko ma mene ne, sautin ƙwarya na fita waje, jama'a na magana, gara a rufe wajen a huta. Wasu suka ce haka ne. Sai muka sake jin muryar Inna, ba ta ɗaga ba.

"To a ɗauke ƙwaryar. Daka fa, shi ma an hana?"

Ba wanda ya iya cewa an hana daka. Haka aka tashi: ƙwarya ta koma madafi, aji ya ci gaba da turmi da taɓarya. Taɓarya ta sauka mu ce pick up, ta sake sauka mu ce put down. Malama dai ta ci riba, don har muka yi jarrabawa ba ta sake biyan kuɗin surfe ba.

A hanyar gida ina bayan Inna. Mun kusa ƙofa sai ta tsaya, ba ta juyo ba, ta tambaye ni wace kalma ce muke jijjiga hannu kamar masu riƙe da jariri. Na ce look after ce, Inna, kula da mutum. Ta juya ta a bakinta, ta fito da ita lukafta.

"Da akwai mai lukafta a Dugabau ranar nan..." Ba ta ƙarasa ba. Ta miƙo hannu ta kwance goyon daga bayana. "Daga gobe ki bar mini yaran. Ki je ki yi abin da ya kai ki."

Ashe ta san dalilina tun tuni. Na shige ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun farkon rigimar.

Na ci jarrabawar, da kiredit ɗin da ke bakin gaɓa, irin wanda in an yi atishawa zai faɗi, amma ya shigar da ni makaranta. Har yau in zan rubuta put off sai na ji hannuna na neman murfi. Abin da ya fi zauna mini kuwa shi ne yadda na shafe shekaru ina tsoron matar nan, ina fassara shirunta da ƙiyayya, alhali ciwo ɗaya muke ɗauke da shi, kunya ta hana mu faɗa wa juna.

Duk tsawon karatuna da aikina, in zan fita sai ta ce je ki, ni zan lukafta. Kalmar Turanci ɗaya ke nan da ta iya a duniya. A ciwonta na ƙarshe ni ke mata wanka, ni ke ba ta kunu a baki. Wata rana ina goge mata fuska ta buɗe ido ta dube ni, ta ce, "Yau kuma ke ce da lukafta."

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.