Gaggafar Mikail Mai Fenti

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kano da Jos a zamanin farar hula na alif ɗari tara da saba'in da tara, da wuya bai taɓa bin bayan wata babbar mota mai bodin katako ba, wadda aka zana wa baƙar gaggafa mai jar fuska a ƙyauren baya. Aikin Mikail ne, ɗan unguwar Mandawari.

A cikin tawada Mikail ya tashi. Mahaifinsa, Malam Muttaka, mai zayyanar allo ne, kuma idan lokacin saukar Alƙur'ani ya zo, daga Koki har Soron Ɗinki gidansu ake kawo alluna. Tun Mikail bai iya ɗaure mazugin wandonsa ba yake dama launi, ja da kore da ruwan ɗorawa. Da ya girma sai allo ya yi masa kaɗan. Ya koma wajen masu haɗa bodin mota a Ƙofar Ruwa, inda katako ke da faɗi, mutum ya miƙe hannu son ransa. Mahaifin bai hana shi ba, sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: furanni da rubutu da tsuntsaye ya yarda, amma kada ya ji an ce ya zana fuskar mutum.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki, masu fenti ba su ga ta zama ba. Kowace jam'iyya tana son bango, kowane ɗan takara yana son ƙyalle. Mikail ya yi wa waɗannan da safe, ya yi wa abokan hamayyarsu da yamma, hannunsa bai rabu da warin kananzir ba har aka gama zaɓe. Ana cikin haka sai ga Ɗantani, abokinsa na ƙuruciya, wanda ya daɗe yana ja wa wani Alhaji mota, yanzu kuma Allah ya ba shi tasa.

"Ranar ɗaya ga Oktoba nake so ta fito," in ji Ɗantani, yana shafa sabon katakon. "Ranar da ƙasa za ta karɓi kanta, ni ma ranar zan karɓi kaina. Gaggafa nake so a baya, wadda duk direban da ya biyo ni zai san ba sa'ansa ne a gaba ba."

Mikail ya ce an gama. Da ya koma gida ya zaro kwabo daga aljihu, ya ƙura wa tsuntsun da ke saman tambarin ƙasa ido, ya zana shi da alli a jikin wani falanki a tsakar gida. Kakarsa 'Yardada, mahaifiyar Malam Muttaka, tana zaune a gindin bango tana tsince wake. Ta ɗago ta duba.

"Maigida, zakaran wane ne wannan?"

"Gaggafa ce, amarya. Idonki ya fara tafiya."

Ta yi dariya har wake ya zube. "Idona ƙalau. Ka taɓa ganin gaggafa kuwa?"

Ya tsaya da alli a hannu. Shirwa ya sani, da ungulun mayanka, da tattabarun unguwa. Gaggafa kam a baki yake jin ta.

A nan tsohuwar ta ture faifai gefe ta ba shi labarin da bai taɓa tambaya ba. Ya san dai an ce asalinsu Fulani ne, tunda idan ranta ya ɓaci da Fulatanci take faɗa, amma iyakarsa ke nan. Ta ce a gindin duwatsun Riruwai aka haife ta. Shekarar da cuta ta cinye musu shanu, ita da kakansa suka taho Kano a ƙasa, Malam Muttaka yana goye a bayanta. Ƙanen kakan nasa ya zauna can, kuma ɗansa, Bappa Usaini, har yanzu yana nan da garkensa.

"A can gaggafa take," ta ce. "In kana son ka zana ta, je ka gaishe ta."

Washegari ya kwashe duka ya gaya wa Ɗantani. Ɗantani ya buga cinya ya ce faɗuwa ta zo daidai, domin akwai gishiri da kanwa da zai kai wajejen can, motar ma tana buƙatar gwaji. Haka suka ɗauki hanya da farin katako, ko ɗigon fenti babu.

Mikail bai taɓa wuce Kura ba. Da suka bar Tudun Wada suka shiga dajin Falgore, sai ya leƙo da kansa ta taga ya ƙi mayarwa. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mutum tsawo, itatuwa sun haɗe kai a saman hanya, birai suna tsallakawa da 'ya'yansu maƙale a ciki. Da suka bar kwalta suka tarar da wani rafi ya kawo har ya shafe hanya. Ɗantani ya naɗe wando ya shiga ya auna, ruwan ya kai masa cinya. Ya dawo yana murmushi.

"Riƙe ƙofa da kyau, ɗan birni."

Ya ba motar wuta. Ruwa ya dare biyu, ya shigo ta ƙasan ƙofa ya jiƙe musu ƙafafu. A tsakiya injin ya yi tari, motar ta karkace, Mikail ya ji tayar baya tana juyawa a banza. Yana salati yana dariya, bai san wanne ya fi ƙarfi ba. Can sai ta cafki dutse, ta yi gurnani, ta haye gaɓa ruwa na tsiyaya daga kowace kusurwa.

Ɗantani ya sauke shi a wata 'yar kasuwa ya wuce da kayansa, da alkawarin zai biyo ta kansa a kan hanyar dawowa. Da tambaya Mikail ya kai rugar Bappa Usaini da la'asar. Wani dogon dattijo mai sanda a kafaɗa ya tsaya yana kallon tahowarsa, bai ko ƙifta ido ba. Kafin Mikail ya gama sallama dattijon ya ce, "Kai jinin Muttaka ne."

"Bappa, yaya aka yi ka sani?"

"Tafiyar kakanka ce. Haka yake ɗaga kai kamar mai neman abu a sama."

Nan da nan ruga ta cika. Tsofaffin mata suka kewaye shi suna taɓa fuskarsa, wata tana share hawaye da gefen zane. Suna ta jero masa gaisuwa da Fulatanci, shi kuwa kalma ɗaya ya tsinta, "jam", ita yake mayar wa kowa, ana ta dariya. Aka kawo masa kindirmo a ƙwarya, ya sha har ya rasa wurin numfashi. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Bappa Usaini bai yi mamaki ba. Ya nuna wani dutse da ya tokare sama a gabas, ya ce gobe da hantsi, don ita ba ta tashi sai rana ta yi ɗumi.

Hawan ya ba Mikail wuya. Takalminsa na birni ya zame sau da dama, har Bappa ya ce ya cire ya rataya a wuya. Wani wuri sai da rarrafe, wani wuri dattijon ya miƙo masa sanda ya jawo shi. Da suka kai ƙoli gwiwarsa na jini, ƙirjinsa na bugawa, amma da ya juya ya manta da duka. Ƙasa ta shimfiɗe kore shar har iyakar gani, shanun Bappa a can ƙasa kamar an watsa farin wake.

"A nan kakanka yake zama," in ji Bappa. "Idan saniya ta ɓace, ko ana neman inda ciyawa ta fi, shi ake turowa. Daga nan zai nuna, a je a tarar. Shi ya sa ba a kiransa da sunansa, Gaggafa ake ce masa. Da ya tafi birni aka ce idon ya tafi ke nan. Ashe yana nan, fenti ya koma yi."

Mikail ya sake duban shanun da ke ƙasa. Yana cikin juya maganar sai Bappa ya dafa kafaɗarsa ya danna shi ƙasa.

Daga ƙasansu gaggafar ta taso, ba daga sama ba. Baƙa wuluk, fuska ja kamar garwashi, ƙafafu ja, bindi gajere har kamar babu. Ba ta kaɗa fiffike, ta dai shimfiɗa su tana karkata dama da hagu, iska na ɗauke da ita. Da ta juya sai ga ƙarƙashin fiffiken fari tas. Ta zo daidai fuskarsa ta wuce, kusa har ya ji shuuu na iska a gashinta, kuma ya rantse har ya tsufa cewa ta dube shi. Ta yi kewaye, sai kawai ta naɗe fiffike ta faɗo kan wani falalen dutse a ƙasa. Da ta sake tashi, maciji ne yake murɗe-murɗe a faratanta.

Mikail ya laluba aljihu. Babu takarda, babu alli. Ya hango inda makiyaya suka taɓa hura wuta, ya wawuro gawayi, ya tuɓe farar rigarsa ya shimfiɗa a kan dutse. Ya durƙusa yana zane, bakinsa na motsi, Bappa na tsaye a kansa yana gyara masa: fiffiken ya fi haka tsawo, bakin ya fi haka lanƙwasa. Da rigar a naɗe a hammata ya sauko, kuma haka Ɗantani ya same shi a bakin hanya, daga shi sai singileti.

A Ƙofar Ruwa Mikail ya kafa rigar da ƙusa a jikin bango, ya hana kowa taɓawa. Ya haɗa ja ya zubar, ya sake haɗawa, har ya sami wanda ya gani a dutse. Gefen ƙyauren kuma ya kewaye shi da irin zayyanar mahaifinsa.

Ranar ɗaya ga Oktoba kowane mai shayi rediyonsa a ƙure, ana jin yadda ake miƙa mulki a Ikko. Ɗantani ya yaye tamfol daga bayan motar. Makanikai suka ajiye sifana, direbobi suka taso daga benci, wani ya ja da baya da ya haɗa ido da tsuntsuwar. Kafin azahar masu motoci sun fara rigimar wanda zai riga shiga layi.

Ɗantani ya ja motar cikin gari yana hon, masu kekuna na biye, har inda lungun Mandawari ya ƙi ba ta hanya. Mikail ya shiga ya riƙo hannun 'Yardada. Ta tsaya a bayan motar ta daɗe tana kallo, ta kai hannu ta shafa jan ƙafar, fentin ma bai gama bushewa ba. Sannan ta juyo ta dubi Ɗantani.

"Yaro, gidan gaba na motar nan zai ɗauki tsohuwa?"

Da ruwa ya ɗauke suka kai ta Riruwai, a zaune tsakaninsu da ƙullin goro da turmin atamfa a cinya, tana faɗa wa Ɗantani sunan kowane dutse kafin su isa gare shi. Ta yi wata guda a can.

Mikail ya ci gaba da zanen motoci har gashinsa ya yi fari, kuma bai taɓa yin gaggafa biyu iri ɗaya ba. Ya sayi karsana ya bar ta a garken Bappa Usaini, ya koyi Fulatancin da zai kai shi ƙarshen gaisuwa. 'Ya'yansa duk sun hau dutsen nan kafin su shiga sakandare, har da Ikram, autarsa, wadda ta riga shi kaiwa ƙoli ta zauna tana jiransa.